Gayyar Nome: Karnukan da Suka Yi wa Yara Gudu, da Yaran da Suka Fanshe Su

Maƙalar yau ta tarihi ce, za ta kai mu can ƙuryar arewacin duniya, yankin Alaska na ƙasar Amurka, a shekarar 1925. Labarin wasu karnuka ne da aka horar domin tsere, sai wata rana tseren ya zama na ceton rai. Bayan shekara biyu kuma wasu daga cikin karnukan suka faɗa hannun da bai san darajarsu ba, sai da jama'a suka yi karo-karo aka fanshe su. Abin da nake so mu lura da shi a ciki shi ne yadda aikin gayya yake komawa labarin gwarzo ɗaya idan ya biyo ta hannun masu alƙalami, da abin da hakan yake jawo wa wanda aka ɗaukaka da waɗanda aka manta.

Garin da ƙanƙara ke rufewa

Nome ƙaramin gari ne a bakin Tekun Bering. Zinaren da aka gano a 1898 shi ya kafa shi, har ya kasance a 1900 mutane wajen 20,000 sun yi cincirindo a wurin. Da zinare ya ja baya sai aka watse. A 1925 mutanen da suka rage ba su wuce 1,400 da 'yan kai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan asalin ƙasar, saura kuma Turawa 'yan ci-rani.

Daga watan Nuwamba teku takan daskare, jirgin ruwa ba ya sake zuwa sai wajen tsakiyar shekara mai zuwa. Babu titin mota, babu layin dogo da ya haɗa garin da sauran ƙasa. Wasiƙa takan taso ta jirgin ƙasa daga tashar Seward zuwa wani gari mai suna Nenana, daga nan kuma karnuka su ɗauka, su yi tafiyar kilomita 1,085, kusan nisan Kano zuwa Legas. A al'ada tafiyar takan ci kwana 25 zuwa wata guda.

Abin da karnukan ke ja wani amalanke ne marar taya, a ƙarƙashinsa akwai dogayen katako biyu masu sulɓi da ke zamewa a kan ƙanƙara. Ana jera karnuka bibbiyu a jikin doguwar igiya, matuƙi kuma ya tsaya a baya. Babu linzami a hannunsa, da murya kawai yake tuƙi. Saboda haka rayuwarsa tana hannun karen da ke gaba, wato ja-gaba. Shi ne madugun ayarin: shi ke jin umarnin dama da hagu, shi ke gano hanya idan dusar ƙanƙara ta binne ta, shi ke ƙin taka ƙanƙarar da ba ta yi ƙwari ba. A kan hanyar akwai zango-zango, ɗakunan katako inda matafiyi zai ji ɗumi, karnuka su ci busasshen kifi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kafin mu zo kan annobar, ya kamata mu san inda karnukan nan suka samo ƙarfinsu. Mutanen Nome da sanyi ya kulle wata bakwai ba su da abin nishaɗi da ya wuce tseren karnuka. A 1908 suka kafa wata babbar gasa ta shekara-shekara, daga Nome zuwa garin Candle a dawo, kilomita 657. Gari yakan tsaya cak a ranakun gasar, ana bin labarinta ta wayar tarho daga zango zuwa zango. Wannan gasa ce ta mayar da kiwon karnuka ilimi. Aka shiga lura da abin da kare zai ci, da awa nawa zai huta, da yadda za a kare tafin ƙafarsa daga yankan ƙanƙara.

A lokacin ne aka fara shigo da wasu ƙananan karnuka daga Siberiya ta ƙasar Rasha. Mutanen gari, da suka saba da manyan karnukan dako, suka riƙa yi musu dariya suna kiran su ɓeraye. A gasar 1910 wani matuƙi mai suna John Johnson ya ci da irin waɗannan karnuka cikin awa 74 da minti 14. Daga nan dariya ta tsaya.

Wanda ya fi kowa shahara da su shi ne Leonhard Seppala, mutumin ƙasar Norway da aka haifa a 1877, ya zo Nome a 1900 yana aiki da kamfanin haƙar zinare. Shigarsa gasar ta farko a 1914 ba ta yi kyau ba. Guguwa ta ritsa da shi, ƙafafun karnukansa suka yayyanke, dole ya janye. Sai ya koma ya duƙufa a kan horo. Ko a watannin da ƙanƙara ta narke bai bar karnukansa sun zauna ba, yakan ɗaura musu wani ɗan keke da ke tafiya a kan siririn layin dogon masu haƙar zinare, su yi ta ja. Ya ci gasar a 1915 da 1916 da 1917, shekarar da aka yi ta ƙarshe a wancan zamani.

Cikin karnukansa akwai wani da aka haifa a 1913, aka sa masa suna Togo, sunan wani babban hafsan sojan ruwan Japan. Ya taso ɗan ƙarami, ga ciwo, ga rashin ji. Matar Seppala ce ta yi jinyarsa. Da fitinarsa ta yi yawa sai aka bayar da shi kyauta, shi kuwa ya fasa gilashin taga ya dawo gida. Yana da wata takwas ya tsere daga gida ya bi sawun ayarin ubangidansa. Da Seppala ya rasa yadda zai yi da shi sai ya ɗaura masa igiyar ja. A ranar nan ya yi kilomita 120, kuma kafin yamma an matsar da shi daga baya har ya kai sahun gaba. Nauyinsa da ya girma bai wuce kilo 22 ba. A 1925 yana da shekara 12, a lissafin karnuka tsoho ne.

Akwai kuma wani baƙin kare a gidan, Balto. Seppala bai ɗauke shi karen tsere ba, ya bar shi cikin masu jan kayan kamfani.

Mashaƙo ya shigo gari

Likita ɗaya ne a Nome da kewayenta, Dakta Curtis Welch, da ma'aikatan jinya huɗu da asibiti mai gado 25. Tun kafin teku ta rufe a 1924 ya lura cewa maganin mashaƙo da ke hannunsa ya tsufa, wa'adinsa ya wuce. Ya aika a kawo sabo, amma jirgin ƙarshe ya zo ya tafi babu shi.

Mashaƙo ba baƙon ciwo ba ne a wurinmu, mun ga ɓarnar da ya yi wa yara a Kano da maƙwabtanta a 2023. Ƙwayar cutar takan shimfiɗa wata fata a maƙogwaro ta toshe numfashi, ta kuma zuba dafi a jini da ke taɓa zuciya da jijiyoyi. Maganin dafin daga jinin doki ake tace shi, kuma aikin da Bajamushe Emil von Behring ya yi a kansa ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Sharaɗin maganin ɗaya ne: dafin da ke yawo a jini kawai yake iya kashewa, wanda ya riga ya kama tsoka ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa kowace awa take da tsada.

A Disamban 1924 yara suka fara zuwa da ciwon maƙogwaro, wasu suka rasu. Ranar 20 ga Janairun 1925 likita ya ga alamar da ba ta da shakka a maƙogwaron wani yaro ɗan shekara uku. Washegari aka kawo wata yarinya 'yar shekara bakwai. Duka biyun ba su rayu ba. Aka killace gari, aka rufe makarantu da wuraren taro. Ranar 22 ga wata Welch ya buga tangaraho zuwa sauran garuruwan Alaska da birnin Washington yana neman awo miliyan ɗaya na maganin. Tsoronsa yana da dalili. Shekara shida kafin nan, murar 1918 ta kashe kusan rabin 'yan asalin ƙasa da ke Nome, kuma yankin da yake kula da shi yana da mutane wajen 10,000.

Aka samu awo 300,000 a asibitin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke Anchorage, abin da zai ishi majinyata kamar 30. Bai kai abin da ake nema ba, amma zai riƙe annobar kafin babban kaso ya iso. Saura yadda za a kai shi. Wasu suka ce jirgin sama. Jiragen da ke Alaska a lokacin uku ne, tsofaffi, mazaunin matuƙi a buɗe, injinsu da ruwa ake sanyaya shi, kuma an kwance su an ajiye saboda sanyi. Gwamna Scott Bone ya yanke cewa karnuka za su kai, ta hanyar karɓa-karɓa, kowane matuƙi ya yi nasa zangon ya miƙa wa na gaba.

Kwana biyar da rabi

An naɗe kwalaben a bargo da tamfol, ƙunshin ya kai kilo 9. Jirgin ƙasa ya iso da shi Nenana daren 27 ga Janairu. Bill Shannon ne ya fara karɓa, sanyi yana digiri 46 ƙasa da sifili, kafin gari ya waye ya kai 52. Yakan sauka daga amalanke ya yi gudu tare da karnukan domin kada jininsa ya daskare. Ya yi kilomita 84, ya isa Tolovana fuskarsa ta yi baƙi saboda ƙunar sanyi, karnukansa uku kuma ba su sake tashi ba. Wanda ya karɓa daga hannunsa, Edgar Kalland, da ya isa nasa zangon sai da aka zuba masa ruwan ɗumi kafin hannunsa ya rabu da sandar amalanke.

Daga nan hanya ta bi kogin Tanana da kogin Yukon, ƙasar ƙabilar Atabaska. Yawancin waɗanda suka ɗauki maganin a wannan tsakani 'yan ƙasa ne, masu dakon wasiƙa da mafarauta. A kowane zango akan shigar da ƙunshin ɗaki ya ɗan ji wuta, sannan na gaba ya fita da shi cikin duhu, domin a wannan lokaci na shekara hasken rana 'yan awoyi ne. Edgar Nollner ya kai shi Galena, ya miƙa wa ɗan uwansa George tare da karnukansa. Charlie Evans ya ratsa hazo mai daskarewa, karnukansa biyu na gaba suka faɗi, ya ɗora su a amalanke, ya shiga gaban igiya da kansa ya ja ayarin har Nulato. Tommy Patsy ya kai Kaltag. Wani da tarihi ya riƙe laƙabinsa kawai, Jackscrew, ya haura da shi tsaunukan da suka raba kogi da teku. Victor Anagick ya sauko da shi bakin teku, Myles Gonangnan kuma ya yi kilomita 64 cikin guguwar da ta fara tasowa, ya kai Shaktoolik.

Shi kuwa Seppala tun farko an tsara ya fito daga Nome ya tarbi maganin a tsakiyar hanya. Ya fito da karnuka 20, Togo a gaba. Bayan tafiyarsa aka ƙara matuƙa a hanyar, kuma babu yadda za a sanar da shi. Ya riga ya yi kilomita 270 lokacin da ya hango wani mutum kusa da Shaktoolik yana fama da karnukansa da suka harɗe. Har zai wuce, mutumin ya biyo shi da ihu cewa maganin yana hannunsa. Henry Ivanoff ke nan. Ranar 31 ga Janairu ce.

Seppala ya juya nan take. A gabansa akwai zaɓi biyu: ya zagaya ta gaɓa ya ƙara kwana guda, ko ya yanke ta kan daskararren mashigin teku na Norton, inda iska kan ɓalle ƙanƙara ta tafi da ita tsakiyar ruwa. Ya yanke. Dare ne, iska ta mayar da sanyin kamar digiri 65 ƙasa da sifili, ba ya ganin gabansa. Togo ne ya miƙe da su har ɗaya gaɓar. A wannan yini kaɗai karnukan sun yi kilomita 135. Suka huta 'yan awoyi, suka tashi ƙarfe biyu na dare, a lokacin ƙanƙarar da suka taka jiya ta fara farfashewa. Suka haura tsauni, suka sauka Golovin da yammacin 1 ga Fabrairu. Da maganin a hannu Seppala ya yi kilomita 146, fiye da kowa a cikin ayarin. Idan aka haɗa da fitowarsa daga Nome, kilomita 420.

Charlie Olson ya karɓa ya kai Bluff, inda Gunnar Kaasen yake jira. Kaasen abokin aikin Seppala ne a kamfani, kuma daga cikin karnukan da aka bari a gida ya haɗa nasa ayarin, ya sa Balto a gaba. Shi ma ya sha wuya. An aika saƙo cewa ya dakata a zangon Solomon har guguwa ta lafa, amma ya wuce zangon bai gan shi ba. Iska ta kifar da amalankensa, ƙunshin ya faɗa cikin dusar ƙanƙara, sai da ya cire safar hannu ya lalubo shi a duhu. Da ya isa zango na ƙarshe ya tarar wanda zai karɓa, Ed Rohn, yana barci, domin an gaya masa an dakatar da tafiya. Kaasen bai tashe shi ba, ya zarce. Ƙarfe 5:30 na asubar 2 ga Fabrairu ya shiga Nome, bayan kilomita 85.

Matuƙa 20, karnuka wajen 150, awa 127 da rabi. Maganin ya iso a daskare, amma ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba. Kafin azahar an narkar da shi an fara allura. A tsakiyar watan aka sake kawo wani kaso ta wannan hanya, aka ɗage killacewar kafin watan ya ƙare. Adadin mamata da hukuma ta rubuta bai kai goma ba, amma shi kansa Welch daga baya ya ce yana ganin an yi asarar rayuka da yawa a matsugunan 'yan ƙasa da ke wajen gari, waɗanda ba su shiga lissafi ba.

Kura da shan bugu

Duk kwanakin nan jaridun Amurka suna bin labarin a shafin farko, ga kuma rediyo da ta fara shiga gidaje. Da magani ya isa, editoci suna bukatar fuska ɗaya da suna ɗaya. Wanda ya shiga gari shi aka ɗauka hoto. Cikin mako guda Balto ya zama ɗaya daga cikin karnukan da suka fi suna a duniya.

Wani mai shirya fim, Sol Lesser, ya ɗauko Kaasen da karnukansa aka yi gajeren fim. Aka zaga da su gidajen wasa. Ranar 15 ga Disamban 1925 aka buɗe mutum-mutumin Balto na tagulla a babban lambun shaƙatawa na birnin New York, shi kansa karen yana wurin. Har yau yana nan, yara sun goge bayansa da hawa.

Seppala ya ji zafin abin, bai kuma ɓoye ba. A ganinsa an ɗauki aikin Togo an jingina wa karen dako. Mutanen Nome ma sun rabu, wasu na cewa da gangan Kaasen ya ƙi tada Rohn domin ya shiga gari da kansa, wasu na cewa tada mutum da ɗaura wa karnuka igiya ɓata lokaci ne. Amma ko Togo ya samu rabonsa daga baya. An zaga da shi biranen Amurka a 1926, ya ƙare rayuwarsa cikin hutu a jihar Maine, ya mutu ranar 5 ga Disamban 1929. Waɗanda aka yi wa shiru su ne matuƙa 'yan ƙasa, alhali su suka ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na hanyar. An ba su lambar yabo da ɗan abin hasafi kamar kowa, amma jaridu ba su damu da sunayensu ba. Suka koma dakon wasiƙa da farauta.

Sunan da aka yi wa Balto kuwa bai amfane shi ba. Da kasuwar labarin ta faɗi, aka samu saɓani a kan kuɗi, Kaasen ya koma Alaska ba tare da karnukan ba. Aka sayar da su ga wani mai ɗakin nuna abubuwan al'ajabi a Los Angeles, irin wanda ake biyan senti goma a shiga kallo. Karnukan da aka haifa domin gudu a fili suka koma ɗaure da sarƙa a wani ɗan ɗaki mai zafi, ba iska, ba kulawa.

Gayya ta biyu

A farkon 1927 wani ɗan kasuwa daga birnin Cleveland, George Kimble, wanda a da ɗan dambe ne, ya shiga ɗakin nan ya ga halin da suke ciki. Ya tambayi kuɗinsu, mai su ya ce dala 2,000, ya kuma ba shi mako biyu ya kawo. Kimble ya koma gida ya nufi ofishin jaridar garinsu, Plain Dealer. Jaridar ta buɗe asusu da sunan Balto, ta riƙa buga labarin kullum, tana tuna wa mutane abin da karnukan suka yi, tana faɗin nawa aka tara da nawa ya rage.

'Yan makaranta suka riƙa zuba kuɗin tararsu. Ma'aikatan masana'antu suka zaga da hula a tsakaninsu. Masu shaguna da otal-otal suka ajiye akwatunan taimako, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta yankin ta kawo nata. Cikin kwana 10 kuɗi suka cika har da ɗoriya. Aka ɗauko Balto da 'yan uwansa shida a jirgin ƙasa, ranar 19 ga Maris 1927 aka yi musu jerin gwano a tsakiyar Cleveland, aka kai su gidan namun dajin birnin. Mutane wajen 15,000 ne suka je ganinsu a ranar farko. A nan Balto ya zauna har ya mutu ranar 14 ga Maris 1933. Jikinsa yana gidan adana kayan tarihi na Cleveland.

Idan muka jera gayyar biyu za mu ga kamarsu ɗaya. A ta farko babu wanda ya iya ɗaukar hanyar shi kaɗai, kowa ya yi zangonsa ya miƙa. A ta biyu ma babu wani attajiri da ya zaro dala 2,000, kwabo-kwabo aka tara. Kuma kayan aikin da ya jefa Balto cikin wahala, wato labarin jarida, shi ne ya fito da shi. Bambancin yana ga abin da marubutan suka nema daga mai karatu. Na farko sun nemi ya yi mamaki ya tafa. Na biyu sun gaya masa halin da ake ciki, da adadin da ake bukata, da ranar da wa'adi zai cika, da inda zai kai nasa. Duk wanda aka taɓa ba shi aikin rubuta takardar neman taimako, ta marayu ko ta majinyaci ko ta gyaran makarantar unguwa, yana da abin koyo a nan.

Abin da ya biyo baya

Jirgin sama ne ya ci gaba daga inda karnuka suka tsaya. A hankali ya ƙwace dakon wasiƙa, har aka rufe hanyar wasiƙar karnuka ta ƙarshe a Alaska a 1963. Babur ɗin kan ƙanƙara kuma ya shiga ƙauyuka ya kusa shafe kiwon karnukan ja. Tsoron haka ne ya sa Joe Redington da abokansa suka kafa gasar Iditarod a 1973, tseren kusan kilomita 1,600 da ke ƙarewa a Nome. Wanda ya ci ta farko, Dick Wilmarth, kwana 20 ya yi. A gasar akwai kyauta mai sunan Seppala da ake bai wa matuƙin da ya fi kula da lafiyar karnukansa. A 1997 wani dattijo, Norman Vaughan, ya fara jagorantar tafiyar tunawa daga Nenana zuwa Nome, ana tsayawa a makarantun ƙauyuka ana yi wa yara bayanin rigakafi da kiwon lafiya.

Shi ma horon da ake yi wa karnuka a lokacin da babu ƙanƙara ya haifi wasa mai zaman kansa a Turai: mutum ya ɗaura ɗamara, ya haɗa ta da kare da igiya mai talewa, su yi gudu tare. A yau ƙungiyoyin agaji a can sukan shirya irin wannan gudu, mai shiga ya yi watanni yana horo da karensa, dangi da abokai su yi alƙawarin abin da za su bayar idan ya kammala.

Su kuwa matuƙan da aka manta, marubuta ne suka dawo da su. Masu bincike sun bi ƙauyukan Yukon sun ji daga bakin waɗanda suka rage. Na ƙarshensu, Edgar Nollner, ya rasu a 1999 yana da shekara 94. A 2003 Gay Salisbury da Laney Salisbury suka fitar da littafi a kan tafiyar, suka bi ta zango-zango da sunan kowa. A 2019 aka yi fim a kan Togo. Gyaran ya zo, amma bayan yawancin masu haƙƙin sun bar duniya.

Nasiha gare mu

'Yan uwa, labari yana son gwarzo ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa rubuta gajeren labari ya san dalili: mai karatu ba zai iya riƙe mutum 20 a zuciyarsa lokaci guda ba. A ƙagaggen labari wannan ba laifi ba ne. Amma idan muka ce tarihi muke rubutawa, ko rahoton wani aikin alheri da aka yi a garinmu, to akwai haƙƙi a ciki. Wanda ya yanke kintinkiri ranar buɗe rijiya shi ke fitowa a hoto, waɗanda suka haƙa ta suna gefe. Kafin mu rufe rubutu, mu tambayi kanmu: kafin abin nan ya iso hannun wanda kowa ya gani, hannu nawa ya biyo? Mu nemi sunayensu, mu tabbatar da su, mu rubuta. Ba sai mun rage wa na ƙarshe komai ba. Balto ya yi kilomita 85 cikin guguwa, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai akwai kilomita 1,000 a bayansa, kuma kowace tana da mai ita.

Ga aikin da nake ba mu shawara a wannan mako. Kowa ya zaɓi wani aikin gayya da aka taɓa yi a garinsu ko unguwarsu, gina masallaci ne, ko yashe kwata, ko karo-karon kai wani asibiti. Ya je ya tambayi dattawan da suka gani da idonsu, ya rubuta shafi ɗaya, ya kawo sunan aƙalla mutum uku da ba a saba ambata ba, bayan ya nemi izininsu ko na iyalansu. Ina jiran gyara da ƙarin bayani daga malamaina. Allah Ya yi mana jagora, Ya kare yaranmu daga annoba. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.